Labarin Takobin Turawa da Littattafansa

Duk wanda Allah ya nufa da shiga ɗaya daga cikin manyan gidajen ajiye kayan tarihi na ƙasar Turai, kamar na birnin Leeds a Ingila, ko na Biyana a Ostiriya, zai tarar da takubba jere a bayan gilashi, waɗansu sun shekara dubu, waɗansu ɗari biyar. An goge su, an auna tsawonsu da nauyinsu, an rubuta wa kowane 'yar takarda mai faɗin inda aka samo shi. Amma akwai abu guda da takardar nan ba ta faɗi, shi ne yadda mai takobin ya ke riƙe shi sa'ad da abokin gaba ya tunkaro shi. Ƙarfe ya kan daɗe, ko ya yi tsatsa siffarsa tana nan. Ilmin da ke hannun mutum kuwa, in bai koya wa wani ba, tare da shi a ke binnewa. Abin da ya sami Turawa ke nan. Kakanninsu sun yi shekaru aru-aru suna koyar da sara da suka da kariya, da malamai da almajirai, har da ijaza, sa'an nan duk abin ya ɓace, har jikoki suka ɗauka mutanen da ba su san kome ba sai ɗaga ƙaton ƙarfe su maka wa juna. Ba a gane kuskuren nan ba sai da aka koma ga waɗansu tsofaffin littattafai da ke kwance a ɗakunan ajiya ba mai buɗe su.

Bari mu duba takobin kansa tukuna. Irin wanda baraden Turai su ke ratayawa tsakanin shekara ta 1000 da ta 1300 miƙaƙƙe ne sambal, kaifinsa biyu, tsawon ruwansa kamar ƙafa biyu da rabi. Tsakanin ruwa da ƙota akwai ƙarfe a gicciye wanda ke tsare hannu, a gindin ƙota kuma akwai dunƙulen ƙarfe, shi ke jawo nauyin ruwan baya wajen hannu don takobi ya yi sauƙin juyawa. A tsakiyar ruwan a kan fafe wani dogon kwari. Mutane da yawa, har cikin Turawa, sun ɗauka hanyar jini ce, alhali kuwa dabarar maƙeri ce ta rage nauyi ba tare da an rage ƙarfi ba. Zancen nauyin ma akwai ƙarya da yawa a ciki. An sha faɗi, wai takubban nan sai ƙato ke iya ɗaga su. Da aka ɗora su bisa ma'auni sai aka tarar yawancinsu daga kilo 1 ne zuwa 1 da rabi, dogon nan ma da ya zo daga baya, wanda a ke riƙewa da hannu biyu, da wuya ya kai kilo 2. Watau ko tiyar gero ɗaya ta fi shi nauyi.

A farkon zamani ƙarfe mai kyau wuyar samu gare shi. Maƙeri ya kan ɗauki 'yan sandunan ƙarfe, wani mai taushi wani mai tauri, ya murɗe su kamar mai tufkar igiya, ya doke su a wuta su haɗe, sa'an nan ya liƙa baki mai tauri a gefe biyu. Wanda duk ya sami takobi irin wannan ya kan bar wa ɗansa gado, wani ma har suna a ke sa masa. Daga baya maƙeran ƙasar Faranka, watau yankin da ya haɗa Faransa da yammacin Jamus na yanzu, suka gwanance da yin ruwa na ƙarfe guda. An tono takubba wajen 170 masu ɗauke da suna guda, Ulfberht, an dasa haruffan a jikin ruwan da ƙarfe. An yi wajen shekara ɗari biyu ana buga sunan nan, saboda haka ka san ya wuce rayuwar mutum ɗaya, ya zama tambarin maƙera. Kuma tun can akwai 'yan jabu, don an sami waɗansu da haruffansu suka karkace, ƙarfensu kuma bai kai na ainihi ba, alamar mai bugawa ya kwaikwayi rubutu ne bai iya karanta shi ba. Takubban Faranka sun yi suna har Sarki Sharlaman ya hana a sayar wa maƙwabtansa na gabas makamai a shekara ta 805. Jikansa, Sarki Sharl mai sanƙo, ya ƙara tsanantawa a 864, ya ce wanda ya sayar wa mahara na arewa makami ko sulke ko doki, kisa ne hukuncinsa. Duk da haka da yawa daga cikin takubban nan a ƙasashen maharan aka tono su. Fatake ba su canza hali ba tun ran nan.

Abin da ya riƙa sake wa takobi siffa shi ne sulke. Sulken zobba, irin wanda muka sani, yana tare sara, amma tsini mai ƙarfi ya kan fasa shi. To, daga wajen 1300 sai masu sulke suka fara ƙara faranti na ƙarfe a gwiwa da gwiwar hannu da ƙirji, kafin 1420 barde ya rufu da ƙarfe tun daga ka har ƙafa. Nauyin kayan nan duka kilo 20 ne zuwa 25, a warwatse ko'ina a jiki, mai shi yana gudu, yana hawa doki da kansa. Sara ba ya yi wa irin wannan mutum kome. Sai maƙeran takobi suka rama, suka riƙa yin ruwa mai kauri a tsakiya, mai sirancewa har tsini kamar basilla, don a cusa shi ta hammata ko ta ramin ido na kwalkwali. Da ya ke kuma mai sulken faranti ba ya bukatar garkuwa, hannunsa na hagu ya sami sarari, sai aka tsawaita ƙota ta ɗauki hannu biyu. Wani Bature mutumin Ingila, Ewart Oakeshott, shi ya bi sauye-sauyen nan ya kasa takubban zamanin barade iri 13 a littattafansa na 1960 da 1964, da lissafinsa masana ke aiki har yau.

Kada mai karatu ya zaci takobi ne babban makamin fagen fama. Mashi da baka da gatari su ke fara aiki, takobi na nan a kugu sai an cakuɗe. Amma in an cakuɗe, ƙasusuwa sun nuna abin da ya ke yi. A shekara ta 1361 Sarkin Danmak ya kai yaƙi tsibirin Gotland, aka kashe manoman tsibirin wajen 1,800 a bakin ganuwar birnin Visby, aka zuba su a manyan ramuka, waɗansu ma da sulkensu. Daga 1905 aka fara tona ramukan, aka duba ƙasusuwan mutum fiye da dubu. Sara mai yawa a ƙwauri aka same shi, ƙarƙashin inda garkuwa ta ƙare, har akwai wanda aka datse masa ƙafa biyu da sara guda. Wannan aikin wanda ya san inda ya ke nufi ne.

A nan labarin ya ratso ta ƙasarmu, don haka bari mu ɗan tsaya. Garuruwa biyu na Jamus sun shahara da ƙirar ruwan takobi. Na fari Passau, wanda tambarinsa hoton kyarkeci ne yana gudu. Na biyu Solingen, inda a ke wasa ruwan a kan manyan duwatsu waɗanda ruwan rafi ke juyawa, su ma kuwa sun ari kyarkecin Passau sun riƙa bugawa. Bayan Turawa sun daina amfani da miƙaƙƙen takobi mai faɗi, maƙeran Solingen ba su daina yi ba, don sun sami kasuwa a Afirka. A kan kawo ruwan tsirara ta teku zuwa Tarabulus da Masar, ayari su ƙetaro da shi Sahara, a nan a yi masa ƙota da kube da hamila. Baturen nan Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851 ya ƙiyasta ruwan takobi 50,000 ke shigowa kasuwar kowace shekara, ɗaya a kan wuri dubu, ya ce kusan duk waɗanda ya gani na Solingen ne, daga Kano kuma Abzinawa da Barebari da Nufawa ke saye. Maƙeranmu su ma sun yi nasu, sun buga tambarin jinjirin wata biyu irin na Turawa, kamar dai yadda aka yi wa Ulfberht. Turawan da suka fara ganin takobinmu da na mutanen Sudan sun ce wai ragowar yaƙe-yaƙen 'yan Salibi ne. Bincike bai gaskata su ba, fatauci ne ya kawo shi, kuma yawancinsa bai girmi ƙarni na 16 ba.

To, mu koma ga littattafan. Mafi tsufa da aka samu an rubuta shi a Jamus wajen shekara ta 1300, a kan fata, ganye 32, da Latin gauraye da kalmomin Jamusanci. Yana Leeds yanzu, tun 1950 gidan makaman Sarkin Ingila ya saye shi, ana kiransa da lambar ajiyarsa, I.33. Abin mamaki, ba barde ne malamin ciki ba. Limamin coci ne aka zana, da askakken kai, yana koya wa almajirinsa faɗa da takobi da wata 'yar garkuwa da ba ta fi faifai ba. A ganyen ƙarshe kuma sai ga mace, an rubuta sunanta Walpurgis, ta tsaya da takobi a gaban malamin. Kowane shafi hoto ne da 'yan layukan bayani: in ya tsaya haka, kai ka tsaya haka; in ya ɗaure takobinka, ga yadda za ka kuɓuta.

Babban shehin fannin a Jamus shi ne Johannes Liechtenauer, wanda ya rayu a ƙarni na 14. Shi waƙa ya tsara, gajerun baitoci, ya kuma dunƙule ma'anarsu da gangan don kada wanda bai zauna gabansa ba ya gane. Wanda ya yi karatun zaure ba zai sha mamaki ba. Haka malamanmu su ke da Alfiyyar Ibn Malik a nahawu: almajiri ya haddace baiti, amma ba ya cin moriyarsa sai da sharhi da malami. Almajiran Liechtenauer su suka zama masu sharhi. Akwai wani littafi a Nuremberg da a ke danganta shi ga shekara ta 1389, da sharhin Sigmund Ringeck, da wani kundi na 1452 mai ɗauke da sunan Peter von Danzig. Su kan kawo baiti da jan tawada, su bi shi da bayani da baƙi.

Ga kaɗan daga abin da su ke koyarwa. Tsayuwa huɗu ce. Akwai Sa, watau ka ɗaga ƙota kusa da kunne, tsini na duban fuskar abokin gaba kamar ƙaho. Akwai Garma, ƙota a kugu, tsini a sama. Akwai Wawa, ka sauke tsini ƙasa kamar wanda bai san abin da ya ke yi ba, don ka yaudari mutum ya shigo. Ta huɗu ita ce ka ɗaga takobi bisa kai ko bisa kafaɗa. Sa'an nan ga sara biyar na gwanaye, waɗanda kowane a motsi guda ya ke tare saran abokin gaba ya kuma same shi. Malaman nan sun raina mai karewa kawai, sun ce wanda ya tsaya jiran kariya kullum yana bayan abokinsa ne. Sun raba ruwan takobi biyu, rabin da ke kusa da hannu shi ne mai ƙarfi, rabin tsini mai rauni, kamar dai yadda ka fi iya danne sanda kusa da inda ka riƙe ta. In takubba biyu suka haɗu, sai ka saurara da hannunka ka ji, mutumin nan dannewa ya ke ko sakewa? In ya danne ka zame masa, in ya sake ka shige. Duk ɗan kokawa ya san wannan ji, kokawar ma kuwa tana cikin karatun. Game da mai sulken faranti kuma sun ce ka kama tsakiyar ruwan da hannun hagu ka mai da takobi gajeren mashi, ko ka juya shi gaba ɗaya ka riƙe ruwa, ka doke shi da gicciyen kamar guduma.

A Italiya akwai Fiore dei Liberi, wanda ya rubuta littafinsa mai suna Furen Yaƙi wajen 1409, ya sadaukar da shi ga mai mulkin Ferrara. Kwafi huɗu suka rage, ɗaya a Faris, ɗaya a Italiya, biyu a Amurka. Ya zana mutum kewaye da dabbobi huɗu don nuna halayen da ɗan takobi ke bukata: kyanwar daji don lura, damisa don sauri, zaki don ƙarfin zuciya, giwa don tsayuwar ƙafa. Ya ba da labari cewa sau biyar waɗansu malamai masu hassada suka kira shi faɗa da takobi mai kaifi, ba sulke sai rigar lifidi da safar hannu, ya fita lafiya duka. Ya kuma ce ya gwammace karo uku cikin sulke da karo ɗaya irin wannan, don marar sulke kuskure guda ya ishe shi.

Mai karatu zai ce, mene ne amfanin wannan ilmi ga wanda ba soja ba? Ɗaya daga cikin amfaninsa shari'a ce. A Turai ta wancan zamani, in an yi ƙara mai nauyi ba shaidu, alƙali ya kan yarda mai ƙara da wanda a ke ƙara su yi faɗa, wai Allah zai ba mai gaskiya nasara. A Faris a 1386 wani barde, Jean de Carrouges, ya kara da Jacques Le Gris a gaban Sarki, don matarsa ta ce Le Gris ya yi mata fyaɗe. Da mijin ya faɗi, da ƙone matar za a yi a kan ta yi rantsuwar ƙarya. Ya kashe Le Gris, ta tsira. Ni dai ban ga shari'a a nan ba, ƙarfi na gani, manyan coci ma sun sha hana abin. Amma wanda aka yanka wa ranar faɗa ba ruwansa da wannan muhawara, malami ya ke nema da gaggawa. Irin malaman nan ne Hans Talhoffer, mai littattafai na 1443 da 1459 da 1467. Har faɗan mace da namiji ya zana: an sa namijin a rami iyakar kugu da kulki a hannu, macen na kewaya shi da dutse ƙulle a mayafi. A Ingila ba a soke dokar faɗan shari'a ba sai 1819, bayan wani da a ke tuhuma da kisa ya nemi a ba shi hakkinsa na faɗa, alƙalai suka duba suka ga dokar tana nan.

Sana'ar ta kafu har ta yi ƙungiya. A 1487 Sarkin sarakunan Jamus ya ba wata ƙungiya ta birnin Frankfurt izni, ba mai kiran kansa malamin dogon takobi sai sun jarraba shi. A 1540 Sarki Henri na 8 ya yi wa malaman Landan irin wannan. Yawancin mutanen nan masu sana'a ne, majema da madunka da maƙera. Joachim Meyer, wanda ya buga babban littafinsa a Strasbourg a 1570, maƙerin wuƙaƙe ne, bashin bugun littafin na kansa ya mutu shekara guda bayan fitowarsa.

Amma wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai shi ne Paulus Hector Mair, mutumin Augsburg, wanda aka haifa a 1517. Shi ma'aikacin hukumar gari ne, ya fara da akawu har ya zama ma'aji. Ya duba ya ga ilmin takobi na tsofaffi yana mutuwa a idonsa, samari sun koma ga bindiga da sababbin yayi. Sai ya shiga sayen tsofaffin littattafan faɗa duk inda ya ji labarinsu. Ya ɗauki gwanaye biyu yana biyansu su gwada kowace dabara da ke ciki, ya ɗauki mai zane na gari ya zana su da launi, ya tara duka a manyan kundaye, kowane juzu'i biyu, kwafi uku, waɗanda yanzu su ke Dresden da Biyana da Munich. Dukiyarsa ta tafi a wannan, ga shi kuma mai son ƙawa da walima. Da aljihu ya kasa sai hannu ya miƙa cikin baitulmali, shekara da shekaru ba a gane ba. A 1579 aka binciki littattafan kuɗinsa, aka kama shi, aka rataye shi a kan sata, yana da shekara 62. Mu da muka san aikin akawu da ranar zuwan odita, labarin nan ba ya ba mu dariya. Ɓarawo ne, hukuncin garinsu ya hau kansa. Amma littattafai da dama na magabata ta hannunsa suka tsira, masu neman ilmin a yau kuwa kowa na sha daga rijiyar da ya haƙa da kuɗin mutanen Augsburg.

Abin da ya ji tsoro ya auku. Bindiga ta kori sulke, da sulke ya tafi dogon takobi ya rasa aiki. Masu gari suka koma ga wani siriri mai tsawo na suka, yayin Italiya da Sifen, wanda wani Ba'ingile, George Silver, ya rubuta littafi a 1599 yana zagi, ya ce yana sa mutum biyu su soki juna su mutu tare. Daga wannan aka koma ga wani ƙarami marar nauyi, daga shi kuma aka sami wasan takobi na zamani, wanda ya shiga wasannin Olamfik tun 1896. Ba wanda ya hana tsohon ilmin, almajirai ne suka daina zuwa, malamai suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Har ya zama a 1885 Egerton Castle, masanin tarihin takobi a Ingila, ya rubuta cewa faɗan zamanin barade ƙarfi ne tsagwaro ba fasaha.

Shi Castle ɗin da abokinsa Kyaftin Alfred Hutton su suka fara gwada tsofaffin dabaru a gaban jama'a a Landan cikin shekarun 1890, amma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya share abin. A 1965 wani masani a Jamus, Martin Wierschin, ya buga sharhin Ringeck, wani kuma, Hans-Peter Hils, ya tsara lissafin littattafan a 1985, duk don masu nazarin harshe da tarihi. Sai a ƙarshen shekarun 1990, da intanet ta yaɗu, abin ya kama wuta. Wani ya ɗauki hoton littafi a ɗakin ajiya, wani a wata ƙasa ya kwafe rubutun, wani ya fassara, waɗansu su ɗauki sanduna su fita fili su gwada. A 2009 aka buɗe wata taska a intanet mai suna Wiktenauer, inda aka tara littattafan da fassararsu kyauta. Suna kiran fannin HEMA a taƙaice, ma'anarsa fasahar faɗa ta Turai ta tarihi, ƙungiyoyinsa sun bazu a Turai da Amurka da Ostireliya har Asiya, maza da mata. Takobin da su ke koyo da shi na ƙarfe ne, ba kaifi, tsininsa a naɗe, yana lanƙwasa in ya soki mutum, an kwaikwayo shi daga na makarantun zamanin Meyer. Su kan sa kwalkwali mai raga a fuska, da riga mai kauri kamar lifidi, da safar hannu mai tauri, don yatsu su suka fi karyewa. In suna son sanin ko saransu na ci, sai su ɗauki mai kaifi su sari tabarma da aka naɗe aka jiƙa.

Akwai kuma waɗansu dabam da a kan rikita su da waɗannan, masu sa cikakken sulke su yi karo ƙungiya da ƙungiya, biyar da biyar ko fiye, wanda ya faɗi ƙasa ya fita. An fara babbar gasarsu a 2010 a wata tsohuwar ganuwa ta Khotyn a ƙasar Yukren. Abin kallo ne, ƙarfi da juriya kuma ba a magana. Sai dai dokarsu ta hana suka, alhali kuwa suka ta kafar sulke ita ce kan abin da littattafan suka koyar game da mai sulke. Dole a hana, don ita ke kisa.

Masu bin littattafan su ma suna da tasu wahala. Hoto yana nuna farkon motsi ko ƙarshensa, abin da ke tsakani sai a cika da tunani. Marubutan sun yi wa wanda ya riga ya iya rubutu ne, saboda haka abin da kowane yaro ya sani a zamaninsu, kamar yadda a ke taka ƙafa, ba su ɓata tawada a kansa sosai ba, shi ne kuwa abin da na yanzu suka fi bukata. Kalma guda ta tsohon Jamusanci ta kan raba malamai biyu shekara goma. Sau da yawa an yi shekaru ana koyar da wata dabara ta wata fuska, sa'an nan a sami wani kwafi a wani gari wanda ya nuna ba haka ba ne, a rushe a sake. Wannan a ganina abin yabo ne, don mai da'awa a cikinsu sai ya kawo shafi, ya kuma tsaya a fili a gwada shi.

Babbar matsalar ita ce tsoro. Fiore ya tsaya gaban kaifi da rigar lifidi, ya san kuskure ɗaya kabari ne. Na yanzu ya san in an same shi zai koma gida ya ci abinci. Saboda haka da aka fara gasa, kamar wadda aka kafa a ƙasar Suwidin a 2006, sai aka ga mutum biyu suna rugawa su sari juna lokaci guda, kowa na neman ya riga, abin da Silver ya yi kuka da shi tun 1599. Masu shirya gasa suka yi ta neman magani. Waɗansu suka ce in an sari juna tare ba wanda ya ci, in abin ya yawaita a kori su duka biyu. Waɗansu suka tono wata doka daga takardun tsofaffin ƙungiyoyin 'yan takobi na Faransa da Beljiyam, wadda ta ce wanda aka sara yana da izni ya yi taki ɗaya ya rama. In ramuwar ta same ka, an rage maka abin da ka ci ko an soke shi. Dalilinta kuwa sananne ne ga duk wanda ya ga yaƙi: mutum ba ya faɗuwa nan take don an sare shi, hannunsa na iya ƙarasa abin da ya fara. Da wannan doka a ke tilasta wa ɗan wasa, bayan ya kai sara, ya mai da takobinsa tsakaninsa da abokin karonsa, ya ja da baya a tsare, sa'an nan alƙali ya ɗaga tuta.